Wasiƙa daga Malesiya: yawon jirgi a tsibiran Perhentian

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kuna lafiya, da Inna da yara duka. Ka ce in ba ka labarin tsibiran nan da ka ga hotonsu, kuma in gaya maka ko kuɗin da ake kashewa ya ci sunansa.

Sunan wurin Perhentian, a jihar Terengganu da ke gaɓar gabas ta zirin ƙasar Malesiya. Manyan tsibiran biyu ne, Besar da Kecil, ana shiga jirgi daga garin Kuala Besut, tafiyar da ba ta cika awa guda ba. Tun 1994 gwamnati ta killace ruwan da ke kewaye da su, mil biyu na teku daga gaɓa: ba a jefa taru, ba a ɓallar murjani, ko ƙwanso ba a yarda ka sa a aljihu ba. Kafin ka hau jirgi sai ka biya kuɗin kula da wurin a ba ka rasit, kuma baƙo ya fi ɗan ƙasa biya nesa ba kusa ba. Wannan bambancin bai yi min daɗi ba, amma da na leƙa ƙarƙashin ruwan na ga abin da ake tsarewa, sai na yi shiru.

Ga yadda sana'ar take. Mai jirgi zai ba ka gilashin da ke rufe ido da hanci, da bututun numfashi da kake cizawa a baki, da rigar kariya mai hana nutsewa. Ba nutso ake yi ba, kwanciya kake yi rub da ciki a saman ruwa kana kallon ƙasa. Ka san ban iya iyo ba, amma yaron jirgin ya miƙo min igiya na riƙe, ya riƙa ja na a hankali yana nuna min da yatsa. Yaya, ruwan garai-garai yake. Murjani shimfiɗe, wani kamar faranti wani mai rassa, ƙananan kifaye masu ratsin baƙi da rawaya suna giftawa dab da fuskata. Can sai ga wata ƙatuwar kififfiya tana kiwo a ƙasa, ta taso a nitse ta shaƙi iska ta koma, ko kallonmu ba ta yi ba. Na yi tasbihi a zuciyata, don bakin a toshe yake.

Mutanen wurin Musulmi ne, abinci halal, akwai masallaci, mata na shiga ruwa da hijabinsu ba mai ɗaga ido. Sai dai komai da tsada a tsibirin, tunda har ruwan gora a jirgi ake kawo shi. Bututun haya kuma ban gamsu da wankinsa ba, gara mutum ya sayi nasa tun daga cikin gari. Akwai masu jirgin da ke watsa wa kifi burodi don a ɗauki hoto, ko su yi wa kififfiya ɗaya taron dangi, alhali duk an hana.

Abin da ya fi tsaya min a rai dai ba kifin ba ne. Matuƙinmu bai tayar da inji ba sai da kowa ya ɗaura riga, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana jan igiyar ya ji ta kama. Wani yaro rigar ta yi masa yawa, aka tsaya aka nemo daidai shi. Duk inda muka sauka, sai ya ƙirga mu kafin a tashi. Ina zaune sai Bagwai ta faɗo min, ɗaliban Islamiyyar nan da kwale-kwale ya kife da su a dam ɗin Watari a Nuwamban 2021 suna hanyar Mauludi, da mutanen Wara a Kebbi a watan Mayun shekarar. Hawaye na yi, wallahi. Rigar nan soso ne da yadi da igiya, ba wata fasaha ba ce da ta fi ƙarfinmu. Muna cewa kwana ya ƙare, gaskiya ne, amma lodin da ya wuce kima ai hannun mutum ne ya yi shi.

Kada ka ɗauka nan ba a sakaci. A 2025 wani jirgi ya kife da dare a nan Perhentian, mutum 3 suka rasu, har da yara, aka ce fasinjojin ba su sa riga ba. An kama matuƙin, kuma maganar ta daɗe a bakin jama'a da jaridu.

Don Allah ka bincika min nawa ake sayar da rigunan nan a Kano, manya da na yara, da kuma mutum nawa kwale-kwalen da ke tsallakar da mutanenmu ranar kasuwa yake ɗauka. Ni da wasu 'yan'uwa a nan za mu haɗa abin da ya sawwaƙa, amma sai Sarkin Ruwa ya amince ba mai hawa sai da rigar. Batun zuwanka kuma, ka guji Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin iska da ruwan sama ne, yawancin masaukai a rufe suke.

A gaida Inna, a ce ta ci gaba da sa mu a addu'a.