Karatun Gudanar da Harkokin Gwamnati a Sakkwato: Ina Za Ka Nufa?

In aikin gwamnati ka sa a gaba, ni dai ba na ɓoye zaɓina: Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Tun 1975 take, kuma in ka leƙa ofisoshin Sakatariyar Usman Faruk, da wuya ka rasa wanda ya fito daga sashenta na gudanar da harkokin gwamnati. Shekara huɗu ne in ka bi ta JAMB, uku in ka shigo da difloma mai kyau. Akwai wahala, ba musu. Wanda ya taɓa jiran mota zuwa Dundaye, inda mazaunin jami'ar yake, cikin zafin Afrilu, ga laccar ƙarfe takwas, ya san abin da nake nufi. Amma mai digiri yana kama aiki a matakin albashi na 8, kuma hanyarsa a buɗe take har mataki na 17, kujerar darakta.

Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi tana koyarwa sosai, sai dai mai babbar difloma yakan tsaya a mataki na 14 in bai ƙaro karatu ba. NOUN, jami'ar karatu daga gida, ta ma'aikacin da ke neman ƙarin girma ce. Kongo ta Zariya, reshen Jami'ar Ahmadu Bello, tsohuwar zuma ce, amma kuɗin mota da haya za su cinye ka.

Abin da ya fi damuna shi ne 'yan damfara. Wani ya taɓa karɓar kuɗina, ya kai ni wata cibiya mai ajujuwa uku a gidan haya, wai reshen wata jami'a ce. Har katin shaida aka ba mu, mai hoto da hatimi. Shekara biyu na yi kafin na gano sunana ba ya cikin rajistar JAMB. Kuɗin kuwa na bijimi ne da mahaifina ya sayar a kara.

Don haka, ɗan'uwa, duk gurbin da bai fito a shafinka na CAPS (inda JAMB ke nuna gurbin karatu) ba, babu shi. Ka duba ko hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta amince da kwas ɗin kansa, ba makarantar kaɗai ba. Kada ka tura kuɗin makaranta asusun wani mutum, ko da ya rantse da Alƙur'ani. Masu tallar digirin Kwatano kuma har yanzu suna yawo a WhatsApp, duk da a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri cikin mako shida.