Owlbear: dabbar da ba a taka mata daji

Duk mai jan ragamar wasan Dungeons & Dragons ya san wahalar samo abokin gabar da zai girgiza jarumai masu mataki na 2 ko na 3 ba tare da ya shafe su baki ɗaya ba. Cikin halittun da ke littafin Monster Manual na 2014, wadda na fi komawa gare ta don wannan aiki ita ce owlbear, kuma a kanta kaɗai zan tsaya, domin littafi mai shafi 352 ya fi ƙarfin sharhi ɗaya.

Ga wanda bai taɓa ganin wasan ba, mutane ne ke zama kewaye da tebur, kowa da jarumin da ya tsara a takarda, wanda ƙarfinsa ke ƙaruwa mataki-mataki. Mutum ɗaya ke ba da labari, shi ke riƙe da abokan gaba, ɗan lido mai fuska 20 kuma shi ke raba gardama idan an kai sara. Ita owlbear gangar jikin beyar gare ta, kai da baki na mujiya. Ta daɗe a wasan, tun ƙarin littafin Greyhawk na 1975, shekara guda bayan Gary Gygax da Dave Arneson sun fitar da wasan a Amurka.

Abin da ya fi burge ni shi ne bayanin halinta. Tana fitowa farauta da faɗuwar rana, tana kwarma kuka don sanar da duk wani mai rai cewa dajin nan da mai shi. Takan yi makwanci a kogo ko kango, ta ja ragowar abin da ta kashe zuwa ciki, har wurin ya cika da ƙasusuwa da warin ruɓaɓɓen nama. Asalinta ma an bar shi a buɗe: wasu sun ce wani mahaukacin matsafi ne ya haɗa ƙatuwar mujiya da beyar, tsofaffin elf (wani jinsi mai kama da mutane da ke da tsawon rai a duniyar wasan) kuma sun ce sun san ta shekaru dubbai. Har an ambaci cewa elf kan bar ta ta yi makwanci a ƙarƙashin ƙauyukansu na kan bishiya, ta zame musu mai gadin dare. Wannan jimla ɗaya ta ishi mai ba da labari ya gina zama guda.

Da wannan bayani na yi aiki lokacin da abokaina suka ratsa wani kurmi da jarumai masu mataki na 3. Ban fito da dabbar da wuri ba. Kukanta suka fara ji daga nesa da magariba, sannan wari, sannan gawar barewa da aka ci rabi aka ja ta cikin ciyawa. Kafin su ga ko gashinta, teburin ya rabu biyu: masu cewa a zagaye ko da za a yi asarar yini, da masu cewa ai namiji ba ya gudun abin da bai gani ba. Na biyun suka rinjaya. Da ta fito, juyi ɗaya ta kwantar da mai sihirinsu. Sauran suka ja shi suka tsallaka rafi, ni kuma na tsayar da ita a bakin ruwa tana kuka, domin nan iyakarta ta ƙare. Shirun da ya biyo baya a teburin ya fi mini faɗan daɗi. Suka koma shawara kan ko su yi mata tarko, ko su yaudare ta da nama, ko su nemi wata hanya.

Lissafinta yana goyon bayan wannan tsoro. Makin ranta 59, ƙarfinta 20, tana kai hari sau biyu a juyi, da ƙarin 7 a kan abin da ɗan lido ya bayar. Baki yana cire kusan 10 daga makin ran wanda ya samu, farce kusan 14. Mai sihiri a mataki na 3 da wuya ransa ya wuce 20, don haka idan duka biyun suka same shi, ya faɗi. Gudunta ƙafa 40 ne a juyi, yawancin jarumai 30, wato a fili ba a tsere mata. Tana gani cikin duhu har ƙafa 60, ga kaifin ido da hanci.

A nan kuma raunin yake. Makin kariyarta, wato adadin da sai an kai kafin sara ya same ta, 13 ne kawai, mai ƙarin 5 zai same ta da zarar ya jefa 8. Jarumai huɗu idan suka taru mata, ba ta daɗewa. Ba ta da harin nesa, saboda haka maharbin da ya hau dutse ya gama da ita. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne babu ko doka ɗaya a lissafin da ta shafi tsaron yankinta. Kukan da aka kwarzanta a bayani ba ya tsorata kowa a ƙa'ida. Rungumar da tsofaffin bugu suka ba ta, wadda take matse mutum da ita, an cire. Wanda ya karanta lambobi kawai zai ajiye ta a tsakiyar hanya kamar buhun gero, a yi ta duka har ta ƙare, a raba ladan maki 700 a wuce. Ni nakan ƙara mata abu biyu: kukan farko ya sa a gwada jarumta, sannan wanda farce ya samu tana iya riƙe shi.

Labarin Lost Mine of Phandelver, wanda ya zo a akwatin masu farawa na 2014, ya fahimci dabbar sosai. A fadar Cragmaw an kulle owlbear cikin hasumiya da yunwa, kuma idan aka buɗe ƙofa aka kauce mata, ficewa take yi ta nufi daji. Haka ya kamata a riƙe ta, dabba ce mai abin da take so, ba sojan wani ba.

Maganar saye: lambobinta suna cikin ƙa'idojin da Wizards of the Coast, kamfanin da ke buga wasan, suka saki kyauta a intanet, ba sai an kashe ko sisi ba. Bayanin hali da zanen su ake biya wa kuɗi. Wanda zai riƙa jan wasa a kai a kai, littafin ya cancanci kuɗinsa har da na kawo shi daga waje. Mai zama a matsayin ɗan wasa kawai, gara ma kada ya karanta shafinta kafin ya haɗu da ita.