Tulu, Bokiti ko Robar Waje: Wace Tukunyar Shuka Za Ka Saya a Kabi?

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Birnin Kebbi, tattasan da aka ba ruwa da asuba kafin la'asar ya yi laƙwas. Mai aikin ofis ko ɗan kasuwar da ke wuni a rumfa ba shi da halin dawowa gida da azahar don ya sake ba shuka ruwa, uwargida kuma tana da nata hidimomin. Shi ya sa mutane suka fara tambayar tukwanen nan masu shayar da shuka da kansu, waɗanda ake zuba wa ruwa su riƙe shi kwanaki suna sakinsa a hankali. Tare da su kuma ake tallar wata hoda ko ruwan kwalba da ake cewa tana ɗauke da ƙananan halittu masu raya ƙasa. Kayan sun kasu iri-iri, kuɗinsu ma haka, kuma akwai cuta da yawa a cikin harkar.

Wasu daga cikin bidiyon da samari ke gani a YouTube kan waɗannan tukwane, masu noman wiwi ne na Amurka da Kanada ke yin su, domin a Kanada an halatta ta tun 2018, wasu jihohin Amurka ma haka. A nan Najeriya shuka wiwi laifi ne, ko ƙwaya ɗaya ce a bayan ɗaki, kuma aikin hukumar NDLEA ke nan tun da aka kafa ta a 1989. Duk wanda ya turo maka saƙo yana tallar tukunya da fitila haɗe da wani iri na musamman, toshe lambarsa. Maganar da nake yi ta kayan miya ce: tumatir, tattasai, attaruhu, kuɓewa, yakuwa, alayyahu, albasa. Su waɗancan masu noman wiwin suna shuka a cikin ɗaki ƙarƙashin fitilu masu cin wuta dare da rana. Mu rana ce da mu har ta yi yawa, tumatir kuwa yana son aƙalla awa 6 na hasken rana. Tsakar gida, baranda ko gefen katangar da ke samun hantsi ta wadatar, kada ka kashe ko sisi kan fitila.

Ni dai a wurina babu abin da ya kamo ƙafar tulun yumɓu da ake binnewa a cikin ƙasa. Ka sami rabin duro, ko tsohon baho mai faɗi da zurfi, ka huda gindinsa, ka zuba ƙasa, ka binne tulu a tsakiya har wuya, bakinsa kaɗai ya rage a waje. Ka cika shi da ruwa, ka rufe bakin da ɗan kasko, sannan ka dasa shukarka kewaye da shi, tazarar ɗani ɗaya daga jikin tulun. Shi ke nan. Yumɓun da ba a shafa masa komai ba yana da ƙananan kafofi da ido ba ya gani, ruwa na tsatsafowa ta cikinsu. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙasar ce ke jan ruwan da kanta. In ta bushe sai ta ja da ƙarfi, in ta jiƙe sai tsatsafowar ta ragu. Ranar da aka kwana da hadari aka tashi da sanyi, za ka leƙa ka ga ruwan bai sauka sosai ba; ranar da iskar bazara ta kaɗa kuwa sai ka ga ya yi ƙasa. Babu wani maɓalli da za ka murɗa.

Dabarar ta daɗe a duniya, manoman ƙasar Sin sun rubuta ta sama da shekaru 2000 da suka wuce. Mu ma mun san wannan hali na yumɓu, shi ya sa ruwan randa ke sanyi. Da shi ne Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yi tukunya cikin tukunya don adana kayan lambu ba tare da wutar lantarki ba, har ya sami lambar yabon Rolex a shekarar 2000. Wannan sanyin ne amfani na biyu ga shuka. Saiwa ba ta son ƙasa mai zafi, tulun kuwa yana sanyaya wurin da take. In ka tone bayan girbi za ka tarar da fararen saiwoyi sun lulluɓe jikin tulun gaba ɗaya. Saman ƙasar kuma a bushe yake zama, don haka ciyawa ba ta damunka, ganye ba ya jiƙewa balle cutar ganye ta sami wurin zama.

Ga kuma maganar sauro, wadda a jiharmu ba abin wasa ba ce. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya nuna Kebbi ce kan gaba, kusan rabin ƙananan yaran da aka gwada suna ɗauke da ƙwayar cutar. Duk abin da zai ajiye ruwa a tsakar gida dole a tambaya ko yana rufuwa ruf. Tulu bakinsa ɗaya ne, ƙarami, kasko ko gwangwanin madara ya rufe shi.

Sai dai ba kowane tulu ne zai yi ba, a nan ne zaɓe yake. Wanda aka gasa ya ƙone ƙwarai har yana ƙara kamar ƙarfe in an ƙwanƙwasa, kafofinsa sun toshe. Wanda aka yi wa fenti ko aka shafe da siminti ba ya sakin ruwa ko kaɗan. Wanda bai gasu ba kuma zai narke a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Je ka wurin magina da kanka ranar kasuwa, ko Jega ko Argungu ko duk inda ya fi kusa, ka faɗa musu abin da za ka yi da shi. Tsohuwar da nake saye a wurinta da ta ji bayanina sai ta ture wanda na ɗauka, ta ce, "Ɗana, wanga ya sha wuta, ba shi gumi. Ɗauki wancan ja." Na ce, "To Inna, in bai yi ba fa?" Ta ce in maido mata. Gwajin mai sauƙi ne: cika shi da ruwa ka ajiye a inuwa. In zuwa yamma bayansa ya yi damshi ko'ina, ka taɓa ka ji sanyi, ya yi. In ruwa na ɗiga ta wuri guda, tsaga ce. In ya kwana a bushe, na shan ruwa ne, ba na shuka ba. Aibinsa guda shi ne yana fashewa, kuma bayan shekaru kafofin kan toshe da gishirin ruwa, sai a tono shi a kankare da burushi ko a sake wani, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Na biyu a wurina bokiti cikin bokiti ne. Bokitai biyu masu lita 20, a huda gindin na sama, a zura tsumman auduga ko igiya ta zama lagwani, ruwa na cikin na ƙasa yana hawa ta lagwanin. A huda na ƙasan a gefe don rarar ruwa ta fita, in ba haka ba ruwan damina zai cika shi saiwa ta ruɓe. Yana aiki, musamman ga ɗan haya da zai iya tashi da kayansa. Amma ka nemi farin bokiti wanda aka zuba abinci a ciki, kada ka ɗauki na maganin feshi ko na baƙin mai, kuma ka ɗaure ƙyallen gidan sauro a kan kowace kafa. Tun da ruwan daga ƙasa yake hawa, gishirin taki na taruwa a sama ya yi fari-fari. Lokaci-lokaci a kwarara ruwa daga sama a wanke shi.

Na roba da ake shigowa da su daga waje, na asali irin EarthBox na Amurka da Lechuza na Jamus kaya ne masu kyau, amma da kuɗin guda ɗaya sai ka cika gida da tuluna, kuma abin da ya fi yawa a shagunan intanet kwaikwayo ne. Irin su na taɓa saya, baƙaƙe masu sheƙi. Bazara guda ta mai da robar garas-garas, ɗauka ɗaya baki ya ɓalle a hannuna, kafin nan ma ƙasar cikinsu da rana ba ka iya tura yatsa don zafi. Tun daga lokacin tambayata ta farko kan kowace tukunya ita ce, za ta iya da ranar Afrilu? Masu bututun ɗigo kuwa, tsakin ruwan rijiya na toshe su kullum. Buhun shuka ba ya riƙe ruwa ma sam, babu dalilin sa shi a wannan layi.

Ko wacce ka zaɓa, ƙasar da za ka zuba ita ce rabin aikin. Laka zalla ta fadama tana daskarewa, jigawa zalla kuma ba ta riƙe damshi. A haɗa su, a ƙara ruɓaɓɓen kashin awaki ko na shanu wanda ya daina wari da zafi, sannan a zuba ɓuntun shinkafa da aka babbake ya yi baƙi amma bai zama toka ba. Ɓuntu kuwa ga shi nan tuli a bayan kowane injin shinkafa daga Argungu har Yawuri. Yana sa ƙasa ta yi sako-sako iska ta shiga.

Yanzu ga inda aka fi cutar mutane, wato hodar ƙananan halittu. Halittun gaskiya ne, akwai su, suna da amfani, amma kowanne da aikinsa. Maikoraiza wani fangas ne, wato dangin funfuna, da ke manne wa saiwa ya miƙa zaruruwansa nesa ya jawo mata sinadarin fosfaras da ruwa. Albasa, tattasai da tumatir suna hulɗa da shi, amma alayyahu da kabeji ba ruwansu da shi, zuba musu asara ce. In kuma ka cika takin zamani mai fosfaras, shukar ba ta ma karɓarsa. Raizobiyam na dangin wake ne kawai, shi ke yin ƙulalan nan a saiwar gyaɗa da wake ya kamo naitirojin daga iska. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan tana yin wani mai suna NoduMax don waken suya. Wanda ya sayar maka da irin wannan don tumatir ya yaudare ka. Tiraikodama kuma fangas ne da ke yaƙar masu ruɓar da saiwa, amma in ka bi shi da feshin maganin fangas ka kashe shi. Akwai kuma ruwan da ake kira EM, haɗin ƙananan halittu iri-iri, wanda Farfesa Teruo Higa na Japan ya fito da shi a shekarun 1980, yana da sauƙin kwaikwaya don abu ne mai ruwan ƙasa-ƙasa mai tsami, kowa zai iya haɗa mai kama da shi.

Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne waɗannan abubuwa ne masu rai, zafi na kashe su. Ledar da ta yi makonni a kan tebur a rana cikin kasuwa, ko ta taso daga Legas a saman mota, ko da ta gaskiya ce mai yiwuwa gawa ka saya. Ni wani mai talla a WhatsApp ya aiko mini da kwalba a mota, ya rantse mini cewa ƙwayoyi iri-iri ne daga waje. Da ta iso babu sunan kamfani, babu ranar ƙarewa, takardar jikinta ta gidan hoto ce an manna da gam, ruwan ciki kuma warin tsamin rake yake yi. Na kira, layin a kashe. Ba a ɗauki lokaci ba na ga hoton kwalbar nan a wani zaure da sabon suna da sabuwar lamba. Abin ya yi mini ciwo, domin mutanen da ke faɗawa hannunsu yawanci matan aure ne da samari masu son su rage kuɗin cefane da guminsu.

Don haka ka duba da kyau kafin ka biya. Kaya na gaskiya yana faɗin ainihin sunan halittar da ke ciki da yawanta a kowane giram, da ranar da aka yi shi da ranar da zai lalace, da adireshin kamfanin da za a iya samu, da lambar rajista. Dokar kula da ingancin taki ta ƙasa ta 2019 ta wajabta wa masu yin taki da masu sayar da shi su yi rajista, kana da haƙƙin ka tambayi dila takardarsa. Ka lura inda yake ajiye kayan, inuwa ko rana. Ka guji wanda aka farke babbar leda aka ƙuƙƙulla a ƙanana, a nan ake cakuɗa garin gawayi da ƙasa. Ka guji duk mai cewa hodarsa taki ce, maganin tsutsa ce, kuma tana ninka amfani sau kaza. Tsutsar Tuta absoluta da ta cinye tumatirin Kano a 2016 ba hodar ƙasa ke maganinta ba. Mai cewa ka turo kuɗi tukuna kaya na kan hanya, wannan ba sai na yi bayani ba. Wasu ma ledar kamfanin gaskiya suke bugawa, sai ka duba rubutun ka ga haruffa sun karkace, ko ranar ƙarewar an goge an sake bugawa a kai.

Shawarar da nake ba duk wanda ya tambaye ni ita ce ya fara da abin da ke kusa. Takin gida da ya ruɓe sosai cike yake da bakteriya da fangas masu rai waɗanda suka saba da zafinmu. Ka ƙara da tafi biyu na ƙasa daga gindin shuka mai lafiya a gonar da ba a cika feshi ba, har da guntayen saiwarta, maikoraiza na nan a ciki. Ka dai tabbata saiwar ba ta da kumburi, don kada ka kwaso cuta. Damshin da tulu ke riƙewa ba yankewa shi ne abin da halittun nan ke so, ƙasar da ke bushewa ƙayau ta sake jiƙewa kullum tana wahalar da su. In ruwan famfo kake amfani da shi, bar shi ya kwana a buɗaɗɗen bokiti warin kulorin ya fita kafin ka zuba.

In duk da haka ranka na son na leda, sayi mafi ƙanƙanta daga shagon kayan gona da kowa ya sani, ka yi baho biyu, ƙasa ɗaya, iri ɗaya, tulu iri ɗaya, ka sa wa guda ka bar guda. Ka yi gwajin daga Oktoba zuwa Nuwamba lokacin dashen tumatir, domin a tsakiyar bazara furensa kan zube da zarar zafi ya wuce digiri 35, sai ka ɗora wa hoda laifin rana.