Buhu ko tiya: lissafin sayen hatsi a Kasuwar Dole

Mai shiga Kasuwar Dole ta Damagaram da kuɗin cefanen wata, hanya uku ce a gabansa: ya ɗauki buhu a ɗinke, ya sa a auna masa tiya-tiya, ko ya ci bashi wurin mai kanti na unguwa. Ta ukun ba abin tsayawa ba ce, farashin mai ba da bashi ba a tayawa.

Ni sayen awo na zaɓa, kuma lissafi ne ya kai ni. Mu ce kana da sefa 26.500, kuɗin mai amalanke 500, tiya kuma 650. Yawan tiyoyin da ba ka sani ba, kira shi t. Sai ka rubuta 650 × t + 500 = 26.500. Cire ladan dako, saura 26.000, raba da 650, t ta fito 40. Farashi ya motsa, ka sauya lamba ɗaya ka sake rabawa. Sai dai ka kiyaye: wayarka sefa take ƙirgawa, ɗan kasuwa kuwa dala yake faɗi. In ya ce dala 130, 650 ɗin nan ce, domin dala ɗaya sefa 5 ce. Kar ka haɗa su a layi guda.

Buhu fa? In an ce maka jika 25, wato sefa 25.000, tiya 40 a ciki, kowace ta kama 625, ka ga rarar jika guda. Amma raba 25.000 da 650: 38 da kusan rabi. Ke nan buhun da bai kai tiya 39 ba, faɗuwa ce.

Wata shekara na ɗauko irinsa, ɗinki tsaf, saman hatsi kamar an wanke. Da uwargida ta juye ta sheƙe, ta fitar da yashi da ƙaiƙayi, tiya 37 muka samu. Kowace ta tashi kusan 676. Har yau in zancen ya taso sai ta ce, “Maigida, ina buhun arha?”

Awon ma yana da nasa ɓarayin. Akwai mai tiya biyu, babba ta saye daga mutanen ƙauye, ƙarama ta sayar maka. Akwai wanda ya buge gindin tiyarsa ya turo shi ciki, akwai mai saurin hannu da ke share tsororo kafin ya juye. Je da tiyar gidanka, ka ce, “Alhaji, da wannan za mu auna.” In ya ɓata rai, matsa gaba. Tura hannu har ƙasan tsibin, ka murza: in gari ya manne a tafinka, tsohon hatsi ne da ƙwari suka ci. Ranar Alhamis cunkoso ya fi yawa, masu wannan hali ma sun fi sakewa, don haka ƙirga kowace tiya da bakinka yadda mai awo zai ji.