Cikin Gombe, ƙauye ko garin bakin titi: ina ya fi dacewa ka kafa gida?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lissafin wurin zama ya sauya wa magidanta a Gombe. Mai haya a Tudun Wada ko Bolari na tunanin komawa gida ƙauye ya huta da kuɗin ruwa da na cefane, na ƙauye kuma na hangen asibiti da makarantar da ke birni. Zaɓi uku ne a gaban mai ɗan kuɗin fili: cikin gari, ƙauye na can ciki, ko garuruwan da ke kan kwalta kusa da birni. Na ukun nan shi ne abin saye.

Cikin gari, irin su Jekadafari, Herwagana da Pantami, amfaninsa sananne ne: Asibitin Koyarwa na Tarayya, Jami'ar Jihar Gombe, bankuna da kasuwa duk suna kusa. Sai dai fili ya yi tsada, lungu ya matse, wanda kuma ka samu da araha galibi a bakin kwari yake. Gombe gari ne da ke cikin kwari, ƙasarsa yashi ce mai saurin zaizayewa, damina ɗaya tana iya cinye tazarar da ke tsakanin katangarka da ramin. Kada ka duba irin wannan fili da rani. Ka je a watan Agusta, bayan an yi ruwa mai ƙarfi.

Ƙauyen can ciki kuwa, wanda mota ba ta shiga da damina, na wanda aka haifa a can ne kuma yake da gonar gado. Baƙo mai aiki a birni ba ya jure masa shekara biyu.

Garuruwan bakin titi su ne irin Kumo a hanyar Yola, Dadin Kowa a hanyar Biu, Deba, da Malam Sidi a hanyar Bajoga. Kuɗin da zai saya maka fuloti ɗaya mai ƙafa 50 da 100 a unguwa mai kyau cikin Gombe, a nan zai ba ka fili mai faɗi, da ragowar da za ka fara aza bulo. Faɗin nan ba ado ba ne. Shi ne wurin turken awaki, akurkin kaji, ɗakin ajiye hatsi da ɗan lambun alayyafo da yakuwa a bayan gida. Masara, wake da gyaɗa kana saya da kaka daga hannun manomi kafin su hau mota zuwa Tudun Hatsi, inda kuɗin mota da la'adar dillali za su hau kansu. Akwai sakandare, akwai asibitin gwamnati ko ɗakin shan magani, akwai sabis na waya, kuma in larura ta yi tsanani, ƙasa da awa ɗaya kana Gombe. Yara suna tashi inda maƙwabci zai tsawata musu, nesa da dabar 'yan kalare.

Amma fa ka yi lissafin zirga-zirga kafin zumuɗi ya ɗebe ka. In garin yana nisan kilomita 35, zuwa da dawowa 70 ke nan. A kwanakin aiki 22 ka yi kilomita 1,540 a wata. Motar da ke cin lita ɗaya a kilomita 10 za ta sha lita 154. Ka ninka da farashin lita na yau, ka ajiye kusa da kuɗin hayar da kake gudu. Ga wanda dole sai ya sa hannu a ofis kullum da safe, lissafin ba ya fita sai in motar haya zai riƙa shiga ko su haɗa kuɗin mai su uku ko huɗu. Ɗan kasuwa mai shiga gari sau biyu a mako, malamin makaranta da zai iya neman canjin wurin aiki, da wanda ya yi ritaya, su ne wannan tsari ya fi karɓa.

Sai ruwa, wanda shi ke raba gari da gari. Ruwan famfon Gombe daga madatsar Dadin Kowa ake turo shi, a kan kogin Gongola, kuma unguwanni da yawa har gobe da 'yan ga-ruwa suka dogara. Ta gabas, wajen Dadin Kowa, ruwa yana kusa. Ta yamma da arewa maso yamma, sassan Akko, Kwami da Dukku, ƙasar tana da zurfin ruwa ƙwarai. Rijiyar hannu ba ta cim masa, bohol kuma sai an nitsa sosai, har kuɗin haƙarsa kan zarce kuɗin filin. Don haka kafin ka tambayi farashi, tambayi maƙwabta abu uku: mita nawa aka haƙa bohol mafi kusa, yana ba da ruwa a watan Afrilu ko yana ƙafewa, kuma ruwan na da zartsi ko babu. Mai sayar da fili zai ce maka "ai ruwa na nan kusa". Ba shi za ka tambaya ba. Tsaya ka ga inda mata da yara ke zuwa ɗiba da hantsi.

Ƙasa ma a duba ta. Inda ka ga baƙar laka mai darewa da rani, auduga na son ta, gini ba ya so: tana kumbura da damina, ta tsuke da rani, bango ya tsage daga tushe har sama. Ana iya gini a kanta, amma sai an zurfafa tushe an ɗaure shi da rodi, wato ƙarin siminti da ƙarfe da ba ka sa a lissafi ba. Wuta kuwa, kamfanin rarraba lantarki na Jos ne ke kula da jihar, kuma taransifoma in ta ƙone a ƙaramin gari, karo-karo ake yi ana jira. Ka sa sola a kasafinka tun farko. Wanda zai zauna ta kudu, wajen Kaltungo da Billiri, ya san yankin kububuwa ne; ba banza aka kafa asibitin saran maciji a Kaltungo ba. A share ciyawa, a toshe ƙasan ƙofa, kada a fita da dare babu tocila.

Duk wannan mai sauƙi ne in aka kwatanta da cutar da ke cikin cinikin fili, kuma a bayan gari ta fi yawa domin yawancin filayen awon igiya ne, ba awon gwamnati ba. Gona ce aka yanka da igiya, aka kafa duwatsu, aka ce ga hanya nan. In gari ya iso, hukuma ta zo da taswirarta, sai ka tarar titi ya ratsa tsakiyar falonka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, kuma in aka karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar gini da shuka ake biya, ba kuɗin da ka ba dillali ba.

Mafi yawan rigima daga gonar gado take fitowa. Ɗa ɗaya ya sayar ba da sanin 'yan'uwansa ba, musamman mata da ke gidajen aure a wani gari, bayan shekara biyar ka ga sammaci daga kotu. Kada ka biya ko sisi sai ka ga takardar rabon gado, ko duk magada sun sa hannu a gaban shaidu. Akwai kuma gonar jingina da ta aro, inda mai nomawa ba shi ne mai ita ba, ya daɗe a kai har mutane sun ɗauka tasa ce. Akwai fili ɗaya da ake sayar wa mutum uku, kowa da takardarsa mai hatimi. Akwai wanda ke kan burtali, wanda ba ka ganin alamarsa sai kaka ta yi, shanu sun biyo hanyarsu. Akwai na ƙarƙashin manyan wayoyin wuta, da na makaranta ko maƙabarta da aka gutsuro. Alamar da ta fi tona asirin macuci ita ce gaggawa: "Alhaji, akwai wanda zai kawo kuɗi gobe da safe." Bar shi ya kawo.

Takardar mai unguwa ko ta dagaci tana da amfani, domin su suka san tarihin wurin, amma shaida ce kawai, ba ita ce takardar mallaka ba. Ka je wurin dagaci da kanka, ba tare da dillalin ba. Ka samu masu iyaka da filin ta kusurwa huɗu, kowa ya nuna iyakarsa da ƙafarsa. Ka ɗauko safiyo naka, ba na mai sayarwa ba, ya auna ya ɗauki lambobin wurin, domin ƙafa 50 da 100 a baki takan koma 45 da 90 a ƙasa. Da waɗannan lambobi za ka je hukumar GOGIS, mai kula da bayanan filaye ta jihar, a bincika ko wurin na cikin tsarin gwamnati ko an riga an ba wani. In an nuna maka takardar mallaka, a can ne za a tabbatar ta gaske ce ko bugun shagon kwamfuta. Kuɗi kuma ta banki, zuwa asusun mai filin da sunansa, a rubuta abin da aka biya dominsa. La'adar dillali daban, bayan an gama sa hannu.

Da zarar ciniki ya faɗa, kada ka bar filin haka. Ka kafa ginshiƙan siminti a kusurwoyi, ka zagaye da bulo ko da layi uku ne, ka ba wani amintacce ya riƙa shuka wake a ciki da rubutacciyar yarjejeniyar aro da ake sabuntawa duk shekara. In kuma garin baƙo ne gare ka, kama hayar ɗaki biyu a can ka yi damina ɗaya da bazara ɗaya kafin ka sauke tifar yashi ta farko.