Mai turin da ya kasa min gambarar Amurka gari-gari

A Tudun Wadar Kaduna akwai wani ɗan shago da ya matse tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da kati, inda wani matashi ke tura waƙoƙi da finafinai. Tebur ɗaya, benci ɗaya, kwamfutar da gilashinta ya tsage ta gefe, sai sifika a rataye bakin ƙofa. Irinsa ba sa ƙirguwa a garin nan. Abin da ya bambanta shi shi ne yadda yake jera gambarar zamani ta Amurka. Sauran masu turi jibga maka suke yi, ka je ka yi ta tono. Shi kuwa gari-gari ya kasa ta: New York, Los Angeles, Atlanta, Houston, Memphis, New Orleans, kowanne da foldarsa, a ciki kuma shekara na bin shekara.

Na ba shi memori mai gig 32 da naira dubu biyu, ya ce in dawo bayan la'asar. Da zai miƙo min sai ya ce, "Yaya, New York ka saurare ta da iyafis. Los Angeles kuma ka bari sai ka shiga mota." Na bi shawararsa, kuma ita kaɗai ta ci kuɗina.

Kiɗan New York na shekarun 1990 a bushe yake, ganga mai tauri, an yanko ɗan busa ko fiyano daga tsoffin faifan jaz, sannan kalmomi a cushe kamar mutum na gudun kar a katse shi. Kiɗan mutanen da ke cunkuso a jirgin ƙarƙashin ƙasa ne, kunne a toshe. Da na hau hanyar Zariya na kunna foldar Los Angeles, sai na ji wata duniya daban. Kiɗan da Dr. Dre ya yi fice da shi a 1992 tafiyar hawainiya yake, ƙasansa da nauyi har ƙofar mota na rawa, samansa kuma wani siririn sauti kamar sarewa. Garin mota ne, kiɗan ma na mota ne. Shekara da shekaru ina jin waƙoƙin nan a gauraye, ban taɓa kama wannan ba.

Jerin shekarun ne ya fi taɓa ni. Idan ka bi foldojin biyu daga 1994 zuwa 1997, da kunnenka za ka ji gabar mawaƙan Gabas (New York) da na Yamma (Los Angeles) tana ruruwa. A Nuwamban 1994 aka harbi mawaƙi Tupac a harabar wani situdiyo a Manhattan ta New York, ya tsira, ya kuma zargi ɓangaren Biggie, mawaƙin New York, da kamfanin Bad Boy da sanin abin. A Agustan 1995, wurin bikin kyaututtukan mujallar The Source a New York, Suge Knight na kamfanin Death Row na Los Angeles ya hau dandamali ya yi wa Sean Combs, mai kamfanin Bad Boy, gugar zana a gaban mutanen garinsa. Daga nan habaici ya koma zagi tsirara. Mu ma mun san zambo, makaɗan fada sun daɗe suna yi wa abokin hamayyar ubangidansu, amma wannan ya wuce baki. An harbi Tupac a Las Vegas ranar 7 ga Satumba 1996, ya cika bayan kwana shida yana da shekara 25. Ranar 9 ga Maris 1997 aka kashe Biggie a Los Angeles yana da 24. Abin da ke ci min rai, shi Tupac ɗin da ya zama tutar Yamma, a New York aka haife shi. Da na zo ƙarshen jerin sai da na kashe kiɗan, na ƙarasa Zariya shiru.

Foldar Atlanta ta fi kowacce ƙiba, kuma daidai ne. A wancan bikin na 1995 aka yi wa OutKast, mawaƙan Atlanta, ihu lokacin da suka karɓi kyauta, don 'yan Kudu ne. Yau ga shi kiɗan Atlanta, mai dukan ƙirjin nan na na'urar Roland TR-808, shi yaranmu ke ɗora Hausa a kai. A foldar Houston ya sa aikin DJ Screw, wanda ke rage gudun waƙa har murya ta yi kauri. Da farko na zaci memorin ne ya lalace, sai da ya yi min bayani.

Sai dai akwai gyara. Bai ware masu batsa ba, ko alama bai sa musu ba, kuma wannan babban abu ne ga mai ɗaukar iyali a mota. Wasu waƙoƙin sautinsu a dushe yake, wasu da muryar wani DJ yana kiran sunansa a tsakiya. Tsarin garuruwan ma ya zubar da mutane: babu Lauryn Hill da Queen Latifah na New Jersey, babu Missy Elliott ta Virginia, don kawai bai buɗe wa yankinsu folda ba. Ta New York kuma daga tsakiyar shekarun 1980 ta fara, ba komai da ke nuna unguwar Bronx, inda DJ Kool Herc ya yi casun 11 ga Agustan 1973 da ake ɗauka a matsayin mafarin wannan kiɗa.

Wanda ya fi damuna shi ne na gida. M.I da Jesse Jagz da Ice Prince na Jos, ClassiQ na Bauchi, DJ AB namu na Kaduna, duk ya watsa su cikin folda ɗaya da 'yan Legas. Na ce masa, "Ƙanena, ka kula da Amurka haka, ka bar Arewa a jibge?" Ya ɗan yi shiru, ya ce ba wanda ya taɓa tambaya, amma in ba shi mako guda. Ranar Asabar zan koma da memori na biyu.