Na'urar fili da na'urar cikin bene: kowacce da abin da take ji

Ɗan'uwa, ka tambaya: tunda akwai na'urorin auna girgizar ƙasa a fili, mene ne amfanin dasa wasu a cikin benaye? Abin da kowacce ke ji daban ne.

Ta fili ana kafa ta nesa da manyan gine-gine, don ta ɗauki motsin ƙasa zalla: gabas da yamma, kudu da arewa, sama da ƙasa. Bayan girgizar Kobe ta 1995, wadda ta ci rayuka fiye da 6,000, Japan ta baza irinta kusan 1,000, tsarin da ake kira K-NET. Da ita ake sanin ƙarfin bugun da ya iso unguwa.

Ta cikin bene kuwa ba ɗaya ake sawa ba. Wata a gindi, wata a tsakiya, wata can ƙololuwa, duk agogonsu ɗaya, domin a ga yadda ginin ya karɓi bugun.

Dubi abin da ya faru ranar 11 ga Maris 2011. Birnin Osaka yana da nisan kusan kilomita 770 daga inda babbar girgizar ƙasa da ta afka wa Japan a ranar ta taso, waɗanda ke kan titi 'yar jijjiga suka ji. Amma a benen Sakishima mai hawa 55 da ke cikin birnin, na'urar da ke hawa na 52 ta nuna ginin ya karkata har santimita 137 zuwa gefe guda, ya yi ta kaɗawa kusan minti goma. Lif ya tsaya cak da mutane a ciki. Dalili shi ne, ginin na ɗaukar daƙiƙa shida da wani abu ya je ya dawo, ƙasar da ke ƙarƙashinsa kuma, mai laushi ce a bakin teku, da wannan taki take motsi. Kamar mai tura yaro a lilo ne: turawa kaɗan, amma a kan kari, sai ka ga yaro ya yi sama. Na'urar fili kaɗai ba za ta taɓa nuna wannan ba, kuma abin yana tsaya mini a rai.

Akwai wani amfanin. Idan bayan girgiza lokacin da gini ke ɗauka ya je ya dawo ya ƙaru, alama ce ginshiƙai sun tsage ko sun saki, ko da fenti ya rufe wurin.

A ganina, in kuɗi bai kai ba, a fara da ta fili, don gari guda take yi wa aiki. Amma dogon bene da asibiti lalle su samu tasu. Sakishima ma daga baya an saka masa na'urorin rage kaɗawa.